Liyarin da kaka ta bari: ta yaya zan gane azurfa ce ko jabu?

Tambaya: Salam malam, dan Allah ina neman ƙarin haske. Kakarmu ta rasu ta bar wasu tsofaffin kuɗi a cikin adaka, akwai manya guda huɗu masu hoton wata mata an rubuta 1780, sai ƙanana masu hoton bishiyar kwakwar manja. Wani ya zo ya ce duk jabu ne wai ya saya a kuɗin ƙarfe, wani kuma ya ce sun kai miliyoyi. Ni dai na rasa wa zan yarda da shi. Daga wata 'yar'uwa a Katsina.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya jiƙan kaka ya sa ta huta. Da farko dai kar ki sayar wa kowa tukuna, kuma dan Allah kar ki wanke su da toka ko lemon tsami ko omo, wannan baƙi-baƙin da ke jikinsu shi ma shaida ne, in kika goge shi kin rage musu daraja.

Manyan nan su ne liyari, kuɗin ƙasar Ostiriya ne, matar kuma sarauniyarsu ce Mariya Tareza wadda ta rasu a 1780. Fatake ne suka riƙa shigo mana da shi ta hamada da kuma hanyar gabas, lokacin da Baturen nan matafiyi Barth ya zo Kano a 1851 guda ɗaya wuri 2,500 ake canza shi. To amma abin da yawancin mutane ba su sani ba, 1780 ɗin nan ba wai shekarar da aka buga naki ba ce. Bayan rasuwarta an ci gaba da buga shi ba a taɓa shekarar ba saboda 'yan kasuwa a ƙasashen Larabawa da Habasha da nan wajenmu sun saba da shi ba sa karɓar wani, an buga a Biyana an buga a Rum da Landan da Faris har Bombay, kuma har gobe gidan buga kuɗi na Ostiriya yana fitar da shi da 1780 ɗin. Kenan zai iya zama azurfa ta gaske amma bai kai shekara ɗari ba, shi ya sa mai maganar miliyoyi ban yarda da shi ba, yawancin liyari kuɗinsa na bin nauyin azurfar da ke ciki ne da ɗan ƙari.

Ni a wurina gwajin da ya fi kowanne shi ne awo da girma, a haɗe. Ki samu ƙaramin sikelin nan na masu sayar da zinari. Liyari na gaske giram 28 ne da ɗan ɗoriya, faɗinsa wajen milimita 40, kaurinsa wajen biyu da rabi, azurfar cikinsa kashi 833 cikin 1000 sauran jan ƙarfe. Dalilin da ya sa wannan gwajin ke kama ɓarawo shi ne azurfa ta fi jan ƙarfe da tagulla da tutiya nauyi, so mai yin jabu yana cikin matsala, in ya daidaita girman sai nauyi ya gaza ki ga giram 22 ko 24, in kuma ya cika nauyin dole kuɗin ya yi kauri ko faɗi fiye da ƙa'ida. Wanda ya sha hannu ya siɗe zai iya rasa ɗan abu kaɗan, rabin giram haka ba komai, amma giram uku huɗu ba siɗewa ba ce. Sai dai ki lura iyayenmu mata suna huda shi ko su kai wa maƙeri ya liƙa masa kunne don a rataya a wuya, wannan zai canza awon, ki sa shi a lissafi.

In kina so ki tabbatar sosai akwai gwajin ruwa, kuma ba ya ɓata kuɗin. Ki ɗora kofin ruwa a kan sikelin ki mayar da shi sifili, ki ɗaure kuɗin da zare siriri ki zura shi cikin ruwan ya nutse duka amma kar ya taɓa ƙasa ko gefen kofi, lambar da ta fito sai ki raba nauyin kuɗin da ita. Liyari mai kyau zai nuna wajen 2.7 zuwa 2.8, in kin raba ya ba ki 10 da ɗan kai. In kika ga 8 da wani abu to tagulla ce aka shafa wa ruwan azurfa.

Mayen ƙarfe kuwa mutane sun ɗora masa yarda fiye da kima. Eh azurfa ba ta kama shi, in ya manne to magana ta ƙare jabu ne. Amma rashin mannewa ba hujja ba ce, tagulla da dalma su ma ba sa kamawa, kwabon nan mai huji na zamanin Turawa ma fari ne tas ba ya kamawa kuma babu ɗigon azurfa a cikinsa.

Sai kunne. Ki ɗora shi a kan ɗan yatsa ki ƙwanƙwasa gefensa a hankali da wani kuɗin, azurfa tana amo siriri mai tsawo, dalma ko tutiya ƙaf za ki ji ya mutu nan take. Tsofaffin 'yan Kasuwar Kurmi da wannan suke fara gwaji, amma yana son kunnen da ya saba, kuma na gaske in ya tsage ko an liƙa masa kunne shi ma amonsa dushewa yake.

Daga nan ki duba gefensa da kyau a cikin rana, nan ne masu jabu suka fi kasawa. Liyari yana da rubutu mai tudu a kewayen bakinsa, JUSTITIA ET CLEMENTIA, da 'yan ado a tsakani. Ƙarƙashin hoton matar akwai S.F., a baya akwai gaggafa mai kai biyu da alama irin X bayan 1780. Na gaske bugu ne aka yi masa da injin mai ƙarfi, haruffa suna fita raɗau. Jabu yawanci zubi ne, an narka ƙarfe an zuba a mazubi, za ki ga 'yan ramuka ƙanana a fuskarsa, rubutu ya yi dishi-dishi, wani lokaci da layin haɗi a gefe ko wurin da aka goge shi da magagari. Tunda guda huɗu ne ki jera su, in kika ga tabo ɗaya ko ƙarzuwa ɗaya ta maimaitu a wuri guda a jikin biyu ko uku, daga uwa ɗaya aka zuba su.

Ƙananan masu kwakwar manja su ne sule da dala na Afirka ta Yamma zamanin Ingila, da hoton Sarki Joji na biyar ko na shida. Su kam shekararsu gaskiya take faɗa. Daga 1913 zuwa 1919 azurfa ce mai kyau kashi 925, a 1920 aka rage ta sannan aka koma tagulla mai ruwan ɗorawa, don haka in kin ga 1925 ko 1936 ba jabu ba ne, kuɗi ne na gaske amma ba azurfa ba. Sule na azurfa giram 5.65 ne, dala 11.3.

Abin da ba na so ki bari a yi shi ne a karce su ko a ɗiga musu asid, maƙeran fari sun saba da hakan don su narkawa za su yi, amma tabon ba ya fita. Ki auna su a gida ki rubuta awon kowanne, sannan ki kai wa masu harkar azurfa mutum biyu ko uku daban-daban, wanda ba shi ne zai saya ba ya fara gani, ki tafi da wani namiji na gida, kar kuma su bar gaban idonki ko da minti ɗaya don musanya ake yi. Kuma tunda kayan gado ne, a sanar da sauran magada awon da farashin kafin a sallama.