An Tsige Trump Sau Biyu, To Ya Aka Yi Bai Sauka Ba?

Tambaya: Malam, na ji a labarai an tsige Trump har sau biyu, amma bai bar mulki ba sai da wa'adinsa ya cika. Ya abin yake?

Amsa: Masu fassara ne suka rikita ka. Kalmar da ke cikin rahoton Turanci ita ce "impeach", kuma a Amurka ba ta nufin tumɓuke mutum daga kujera. Tuhuma ce kawai. Majalisar Wakilai ke tsara laifuffukan, idan fiye da rabi suka amince, an tuhume shi ke nan. Sai a miƙa maganar ga Majalisar Dattawa, ita ce kotun. A can sai kashi biyu bisa uku sun same shi da laifi, wato sanata 67 idan duka 100 sun hallara. An tuhumi Shugaba Andrew Johnson a 1868, ƙuri'a ɗaya tak ta cece shi. An tuhumi Clinton a 1998, Trump kuma a 2019 da 2021. A shari'arsa ta biyu sanata 57 ne suka ce yana da laifi, ba su kai ba. Babu ko ɗayansu da aka cire.

Abin da ya sa kunnenmu ke jin "tsigewa" shi ne a Najeriya ba a cika furta kalmar ba sai an gama komai. Da majalisar jihar Kaduna ta yi wa Balarabe Musa a 1981, sauka ya yi. Don haka in rahoton na Amurka ne, a ce "majalisa ta tuhume shi", a ajiye "tsigewa" sai ranar da ta tabbata.

Tambaya: Malam, mene ne "lame duck"? Ƙamus ya ce min gurguwar agwagwa.

Amsa: Ƙamus bai yi ƙarya ba, amma ba agwagwa a zancen. Shugaba ne mai barin gado, wanda an riga an zaɓi magajinsa. A Amurka ana zaɓe a Nuwamba, rantsarwa sai 20 ga Janairu. Kafin gyaran tsarin mulki na 1933 ma sai 4 ga Maris ake jira. Wasu kan fassara shi da kyanwar Lami, ba cizo ba yakushi. Karin maganar ya yi daɗi, sai dai ya zarce gona da iri: 'yan majalisa sun daina jin tsoronsa, amma alƙalaminsa na nan da kaifi. A irin wannan tsakanin ne Biden ya yi wa ɗansa afuwa, a Disambar 2024.

Tambaya: Malam, "table a bill" fa?

Amsa: Fara duba ƙasar da labarin ya fito. A Birtaniya da Najeriya, gabatar da ƙuduri ne a gaban majalisa. A Amurka kuwa jingine shi ne, sau da yawa ma binnewa. Kalma ɗaya, hannun riga.

Wata mai karatu kuma ta tambayi "landslide". Asalinta zaftarewar ƙasa, a zaɓe kuwa gagarumin rinjaye ne, irin kayen da Shugaba Reagan na Amurka ya yi wa abokin takararsa Mondale a 1984, ya kwashe jihohi 49 cikin 50.