Tsatsa ta ci mazaunin bawul a tsohon Lister

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba Usta. Ni mai lambu ne a Mai Wurno ta ƙasar Sudan, ina noman albasa da tumatir a bakin kogin Bahar Azraƙ. Baburin ban ruwanmu Lister ne mai silinda ɗaya, gadon mahaifina. Damina biyu ya yi a ajiye saboda halin da ƙasa ta shiga. Da muka dawo na yi ta juya shi har kafaɗata ta mutu, ya ƙi tashi, sai huci ta salansa. Na kwance kan injin, na tarar tsatsa ta yi ramuka a inda bawul ɗin hayaƙi yake zama. Wani ya ce in goge da man guga, wani ya ce in kai a cike da walda. Wanne zan bi?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana, sannu da dawowa gida. Ga masu karanta mu daga Kano ko Maraɗi: a nan Sudan in an ce babur, injin jan ruwa ake nufi, ba na hawa ba.

Walda dai ka cire ta daga ranka. Kan injin nan ƙarfen zubi ne, in wutar walda ta taɓa wuri ɗaya sauran jikin yana sanyi, sai ya tsage, kuma yawanci a siririn wurin nan da ke tsakanin bawul biyu. Gam ɗin ƙarfe ma kada ka soma, ba ya jure zafin hayaƙi.

Ka wanke wurin da kananzir, ka fita da shi rana, ka bi da'irar da farcenka. In tabo ne sama-sama, farce yana wucewa bai maƙale ba, man guga ya isa: mai kaushi tukuna, sannan mai laushi, kana murza bawul ɗin tsakanin tafuka kamar mai burga miya, kana ɗagawa kana sauya masa wuri. Za ka ga zobe mai launin toka ya zagaye ba yankewa. Amma in farce ya faɗa rami, ko ka kwana kana guga ba za ta yi ba. Ina yaron shago a Wad Madani na taɓa ɓata yini guda a kan irin wannan, na cinye bakin bawul ɗin har ya yi kaifi kamar wuƙa, ramin yana nan yana kallona. Maigidana bai ce komai ba, kuɗin sabon bawul kawai ya cire a ladana.

Rami mai zurfi sai yanka. Akwai abin yanka na digiri 45 da ake sassabe mazaunin da shi, sannan a rage faɗinsa ya dawo kamar milimita 2. Sai dai kafin kowa ya sa masa ƙarfe, ka duba bututun da sandar bawul ke bi. Zura bawul ɗin, ka kaɗa shi gefe da gefe. In yana rawa, a canza bututun tukuna, don a cikinsa abin yankan yake tsayawa. In ya lalace, mazaunin zai fito a karkace, ka biya kuɗin banza.

Ga inda mutane suke faɗawa. Duk yankan da aka yi, bawul yana ƙara nutsewa cikin kan injin. Injin gas ba shi da fulogi, matsin iska ne yake kunna man. In bawul ya nutse da yawa matsin ya ragu, sai ka koma wahalar da ka fito daga cikinta, da farin hayaƙi kowace safiya. To a nan sai wajen masu makharaɗa, wato masu injin sassaƙar ƙarfe, su faɗaɗa wurin, su dasa sabon zobe na ƙarfe mai tauri. Zoben yakan ɗara ramin da kamar kashi ɗaya cikin goma na milimita, a ɗumama kan injin, a sanyaya zoben, a danna shi ya kama. Ka ce su duba tsaga tun kafin su fara. In ya tsage, nemi wani kan. An daina ƙera irin wannan Lister a Ingila tun 1987, amma masu kwaikwayonsa na Rajkot a Indiya suna yi. Ka tafi da naka a gwada su gefe da gefe.

Kafin ka ɗaura, sa bawul da sifirin ɗinsa, ka zuba kananzir ta ƙofar hayaƙi, ka je ka sha shayi. In ka dawo fuskar bawul a bushe, aiki ya yi. Sa sabon gasket.

Ni zargina ruwan sama ne ya bi ta salansa ya tarar da bawul a buɗe. Don haka ka leƙa cikin silinda ma, wataƙila ya kai can. Nan gaba in za ka ajiye shi, juya babbar ƙafar, wato ƙaton wilin da ke gefen injin, har ka ji ta yi nauyi, a nan bawul biyun suke rufe, ka bar ta a wurin, ka kifa gwangwanin madara a bakin salansa ka ɗaure da waya.