Richmond nawa ne, kuma wanne ne na asali?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ƙanena da ke karatu a Ingila yana son ya ziyarci tsohuwar fadar nan mai ganuwa ta Richmond, amma taswirar waya sai ta nuna masa wata unguwa a Landan. Ni kuwa a Amurka na san garin. Wanne ne wanne? Daga mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Duka ukun akwai su, amma mai ganuwar yana can arewacin Ingila, a yankin North Yorkshire, kuma shi ne kakansu.

Bayan Normawa, mutanen Normandy ta Faransa, sun ci Ingila da yaƙi a 1066, Sarki William ya ba Alan Rufus, mutumin Brittany ta Faransa, ƙasa mai faɗi a arewa. Wajen 1071 ya fara gina fadar a kan wani tsauni da ke gaɓar kogin Swale, aka kira wurin da Faransancin lokacin "Riche Mont", wato tudu mai ƙarfi. Yawancin fadojin zamanin da katako da ƙasa aka fara su, wannan kuwa da dutse, shi ya sa katangarta ta ƙarni na 11 ke tsaye har yau. Hasumiyar, mai tsayin kimanin mita 30, a ƙarni na 12 aka ƙara ta. Daga samanta ana hango kasuwar garin da aka shimfiɗe da duwatsu. A ɗakunan tsare mutane kuma akwai rubutun fensir da waɗanda suka ƙi shiga soja suka bari a bango a 1916.

Sarauta ce ta kai sunan kudu. Henry na Bakwai yana riƙe da sarautar Richmond kafin ya hau gadon Ingila. Da fadarsa ta Sheen ta ƙone a 1497, ya sake gina ta a bakin kogin Thames, ya sa mata sunan a 1501, daga nan unguwar ta Landan ta samo sunanta. Ta Amurka kuwa William Byrd na Biyu ne ya raɗa mata suna a 1737, don kogin James ya tuna masa da Thames, ta zama babban birnin jihar Virginia a 1780.

Inda ake yin kuskure shi ne wajen sayen tikiti. An rufe tashar jirgin ƙasan Richmond ta Yorkshire tun 1969, saboda haka duk wanda ya rubuta Richmond kawai, ta Landan za a ba shi. Ƙanen naka ya hau jirgi a tashar King's Cross ta Landan zuwa garin Darlington, tafiyar kusan awa biyu da rabi, daga nan ya shiga bas, kimanin kilomita 20. Ya kuma duba lambar gidan waya: DL10 ta Yorkshire ce, TW9 da TW10 na Landan. Hukumar English Heritage ce ke kula da fadar, kuma da sanyi ba kullum ake buɗewa ba, don haka ya duba ranakun a shafinta kafin ya biya kuɗin jirgi.