Ni ma da "ke kaɗai na yarda da ke" aka fara min

'Yar'uwa, wallahi sau uku na karanta tambayarki kafin na iya rubutu. Kin ce ƙawarki kullum cikin cin bashi take a wurinki ba ta biya, yanzu kuma ta ce ki ba ta lambar asusunki wani zai turo kuɗi ki cire ki miƙa mata, kina tambaya ko otizim ɗinki (yanayin ƙwaƙwalwa da ke sa mu'amala da fahimtar mutane su yi wa mutum wuya) ne ke sa ki zargin mutane. Kar ki bayar. Dan Allah kar ki bayar, kuma ba dole ki amsa mata yau ba.

Shekara huɗu na yi da irin ƙawar nan. A wurin aiki muka haɗu, lokacin ban ma san ni ma ina da otizim ba, sai da na haura shekara 30 likita ya tabbatar min. Ni mayyar zancen tsuntsaye ce, in na fara bana iya tsayawa, kowa sai ya zame ya bar ni, ita kuwa ta ja kujera ta zauna tana ta yi min tambaya. Kun san yadda wannan yake a wurinmu, ba sai na faɗa ba. Ranar da na koma gida ban yi barci ba don murna.

Bashin farko ɗan kaɗan ne kuma ta biya kan lokaci, daga baya na gane da gangan ta biya. Daga nan sai "gobe zan ba ki", ni kuma in an ce gobe to gobe nake jira, in rubuta a ɗan littafina in zauna ina duba waya. In na tuna mata sai ta fashe da kuka wai ashe kuɗi sun fi ta daraja a wurina, ƙarshe ni ce mai ba da haƙuri, har in ƙara mata wasu don ta huce. Ta raba ni da yayata, kullum tana cewa 'yan gidanku sun raina ki, sun ɗauke ki ƙaramar yarinya, abin da ya sa ya kama ni kuwa akwai gaskiya a ciki.

Sai maganar asusu ta zo, daidai irin taki. Sau uku kuɗi na shigowa ina cirewa ina ba ta, a na huɗu banki ya rufe asusun, ashe kuɗin wani bawan Allah ne da aka damfara, kuma sunan da ke kan komai nawa ne, nata bai fito ko'ina ba. Haka suke yi, su bi da kuɗin ta asusun wani, in bincike ya taso mai asusu ake fara kamawa. Aka zaunar da ni a wani ofis fitila na ta ƙara a saman kaina, mutum biyu na jefo tambaya lokaci guda, ni kuma bana iya kallon ido, ɗayan ya ce ai ga alama nan ƙarya take tunda ta kasa ɗago kai. Maganata ta ɗauke gaba ɗaya, ina ji ina gani bakina ya ƙi buɗewa. Littafin nan da hirarmu ta WhatsApp da ban goge ba su suka fitar da ni, da yayata da na yi wata takwas ina share kiranta, ita ta zo ta tsaya min.

Amma ba wannan ne ya fi ci min rai ba. Ana cikin haka ta yi kuskure ta turo min saƙon murya da ta yi wa wata, ta goge amma na riga na saurara. Muryata take kwaikwaya, yadda nake jero sunayen tsuntsaye, tana dariya har da tari, tana cewa saniyar tatsarta ce ta shiga matsala. Daƙiƙa 40 ne saƙon. Har yau in ina wanke-wanke sai in ji dariyar nan a kunnena in ajiye kwanon in zauna. Shekara huɗu kenan duk tambayar da take min ba ta taɓa son jin amsar ba, Musa a baki Fir'auna a zuci. Kuɗin na yafe wa kaina tuni, wannan ne na kasa.

Kuma kar ki ce wautarki ce. A Ingila har suna suka ba abin, laifin aboki, wato mutum ya shigo da sunan abota don ya cuci mai buƙata ta musamman. Wani bincike da aka yi a jami'ar Kambirij a 2019 ya nuna manya masu otizim sun fi sauran mutane ba da rahoton an yaudare su ko an matsa musu sun ba da kuɗi ko kayansu. Mu muna faɗin abin da muke nufi sai mu ɗauka kowa haka yake, ga kaɗaici, ga shi tun muna yara ake ce mana mu ne ba mu fahimci mutane ba, toh in zuciyarki ta ce akwai matsala sai ki ƙaryata ta da kanki. Abin da na gani a tambayarki kenan.

Iyayen da ke cikinmu ku yi haƙuri zan faɗa. In duk tarbiyyar yaro ita ce yi shiru, zauna, yi abin da aka ce, kuna shirya shi ne wa irin matar nan. Ku bar shi ya ce a'a wani lokacin ku kuma karɓa. Kuma in an cuce shi kar ku ƙwace waya da katin ATM kuna faɗa, gobe ɓoye muku zai yi, ni abin da ya sa na yi shiru kenan.

Yanzu dai ni na daina ƙoƙarin karanta fuska, ba zan iya ba. Rubutawa nake, ga abin da mutum ya ce, ga abin da ya yi, in duba bayan wata guda. Duk maganar kuɗi sai ta kwana, awa 24, kuma sai yayata ta gani, wanda ya ce yanzu-yanzu ko kar ki faɗa wa kowa shikenan na gama da shi. Ki lura da jikinki ma, ni sai bayan kwana biyu nake gane raina ya ɓaci, amma cikina tun lokacin yake murɗawa in na ga sunanta a waya, ban san magana yake min ba. Lambar sirri da lambar OTP (wadda banki ke turo miki ta waya don tabbatar da fitar kuɗi) kuwa ko ma'aikacin banki bai da hurumin tambayarki. Af, bayan abin ya faru wani ya biyo ni a Facebook wai zai dawo min da kuɗina in na biya ladan aiki, saura kaɗan in tura, shi ma ɗan damfara ne, masu ciwo suke bi.

Ki rubuta mata layi ɗaya, "bana ba da asusuna", kar ki yi bayani don bayanin take kamawa ta juya ki. Za ta yi fushi, ƙila ta yi kuka, zai yi miki zafi sosai ban ɓoye miki ba. In kuma kin riga kin bayar, kar ki goge hirarku ko ɗaya, ki ɗauki hotonta ki adana, gobe da safe ki tafi banki da kanki kafin su neme ki, ki tafi da wani naki, ki rubuta abin da za ki faɗa a takarda ko da magana za ta ɗauke miki kamar ni.