Me ya sa ba mu ware ledar ba?

Ɗana, jiya muna rufe firjin ajiyar jinin da aka bayar ka tare ni da tambaya: "Malam, jinin nan ya nuna antibodin korona, me ya sa ba mu ware ledar ba kamar yadda muke yi da na ƙanjamau? In mai jinin ya dawo kuma, in ce masa ya tsira?" Na ce ka bari sai na zauna, don ba amsar tsaye ba ce.

Cututtuka huɗun da Hukumar Lafiya ta Duniya ta wajabta a duba a kowace leda, ƙanjamau, ciwon hanta nau'in B da na C, da tunjere, duk jini ne ke ɗauke da su. In ka ga antibodin ƙanjamau, wato garkuwar da jiki ke ƙerawa don yaƙar cutar, ƙwayar tana nan, don jiki ba ya iya korar ta. Ita korona, gidanta hanci da maƙogwaro da huhu. Antibodinta sawu ne: ɓarawo ya shigo, ya fita, ya bar sawu a tsakar gida. Sai bayan mako 1 zuwa 3 da kamuwa ma yake bayyana. Har yau ba a tabbatar da wani ya kamu da korona ta ƙarin jini ba. Mai zazzaɓi ko tari da muke sallama tun daga teburin tambayoyi, galibi don ku ne da masu zaune a layi, kuma don shi kansa.

To me ya sa muke gwadawa? Saboda ragowar jinin da ke cikin ƙaramar kwalbar gwaji taga ce da ake leƙa gari. A Kenya, tsakanin Afrilu da Yuni 2020, jinin masu bayarwa ya nuna kusan kashi 4 cikin 100 sun riga sun haɗu da cutar, alhali adadin da aka tabbatar a lokacin bai ko kusa da haka ba.

Amma tagar tana da ƙura, kuma nan nake so ka buɗe kunne. Karanta takardar da ke cikin kwalin gwajin kafin ka taɓa komai: S yake nema ko N? S shi ne ƙayar da ke jikin ƙwayar, N kuma yana ciki. Rigakafin Pfizer da Moderna da AstraZeneca S kaɗai suke nuna wa jiki, saboda haka wanda aka yi wa allura zai nuna S ko da bai taɓa kamuwa ba. N ne shaidar kamuwa, sai dai Sinopharm da Sinovac, da aka yi da matacciyar ƙwaya sukutum, suna iya tayar da shi. N ɗin kuma yana dusashewa cikin watanni.

Ɗauki biro. Mutum 1,000, goma ne suka taɓa kamuwa. Gwajinka yana kuskure sau 1 cikin 100 a kan waɗanda ba su taɓa kamuwa ba. Cikin 990 zai ɗora wa kusan goma abin da ba su da shi. Ka ga rabin waɗanda ka rubuta "akwai" ƙarya ce, ba tare da hannunka ya yi kuskure ba.

Shi kuma mai jinin, kada bakinka ya furta "ka tsira". A Manaus ta Brazil, daga jinin masu bayarwa aka ƙiyasta kashi 76 cikin 100 sun kamu ya zuwa Oktoba 2020, har wasu suka ɗauka wuta ta cinye itacenta. Janairun 2021 asibitocin garin suka rasa iskar oksijin. Sabon nau'in Gamma ya bayyana, garkuwa tana raguwa, kuma masana sun yi ta jayayya a kan lissafin kansa. Ni abin da na riƙe: masu ba da jini manya ne masu ƙoshin lafiya, babu yara, babu tsofaffi tukuf, ba su ne garin duka ba.

Ka ce masa jikinsa ya taɓa haɗuwa da ƙwayar ko rigakafinta, hakan yana rage haɗarin ciwo mai tsanani, amma yana iya sake kamuwa. Gobe da safe ka ƙara layi biyu a rajista: sunan kwalin gwajin, da irin allurar da aka yi masa tare da kwanan wata. Ledar jiya kuma ka mayar da ita cikin 'yan'uwanta.