Amsa ga Hajiyar da ke son kai mahaifiyarta Pamukkale

Assalamu alaikum. Hajiya, na ga tambayarki cewa za ki je Istanbul sarin kaya tare da Mama, kuma wani ɗan kamasho ya yi miki tayin kai ku Pamukkale, wani farin dutse mai tafkunan ruwan zafi a Turkiyya, a yini ɗaya, a fita da asuba a dawo da dare, kina son sanin ko ruwan zafin wurin zai taimaki gwiwarta. Na kasa yin shiru, domin irin wannan tayin aka yi mini lokacin da na kai tawa mahaifiyar, kuma har gobe idan na tuna raina yakan ɓaci. Wurin ya cancanci zuwa, amma ina roƙonki da girman Allah kada ki kai tsohuwa mai ciwon ƙafa a tafiyar yini ɗaya.

Masu tallar ba sa faɗin nisan. Pamukkale yana lardin Denizli ne, kudu maso yammacin Turkiyya. Jirgi daga Istanbul kusan awa ɗaya yake yi, amma filin da ake sauka, wato Chardak, yana da nisan kimanin kilomita 65 daga birnin Denizli, sannan daga birnin zuwa Pamukkale akwai wajen kilomita 20. Idan kuwa bas ce, awa tara zuwa goma ce a zaune. Kafin a isa bakin dutsen, tsohuwa ta riga ta gaji.

Wurin yana da ƙofa uku, kuma a nan aka cuce mu. Biyu suna sama, ƙofar kudu da ƙofar arewa, inda mota ke kai mutum ya shiga a kan shimfiɗaɗɗiyar hanya. Ta uku tana ƙasa, a bakin ƙauyen, kuma duk wanda ya bi ta dole ya cire takalmi ya hau farin dutsen da ƙafa, domin an hana taka shi da takalmi. Tun a filin jirgi na gaya wa jagoran da aka haɗa mu da shi cewa Inna ba ta iya hawa, har na nuna masa sandarta, ya kaɗa kai ya ce babu matsala. Maimakon ya kai mu da sanyin safiya, sai ya fara biyawa da mu wani shagon rigunan fata, daga nan wani na sassaƙaƙƙun duwatsu, inda a fili yake yana da kamashonsa, muka zauna ana ba mu shayi ana yi mana ciniki har rana ta take. Sai wajen azahar, a cikin watan Agusta, ya sauke mu a ƙofar ƙasa, ya ce motar za ta zagaya ta jira mu a sama, ya ɗaga tutarsa ya yi gaba da matasan ayarin. Kafin in gane inda aka ajiye mu, motar ta tafi.

Hajiya, a hoto dutsen sumul yake, amma a ƙarƙashin tafin ƙafa yana da ƙananan kunyoyi masu kaifi da ruwa ya zana, inda kuma ruwa ke gudu akwai farin taɓo mai santsi. Hasken rana yana dukan farin ya dawo cikin ido har hawaye ya zubo. Muna tafe ina riƙe da hannunta, takalmanmu a cikin leda, har muka kai wajen rabin hawan, sai ƙafarta ta zame ta faɗi a kan gwiwar da ke ciwon. Zaninta ya jiƙe sharkaf, ta zauna a gefen magudanar ruwan jikinta yana rawa, tana cewa in je in bar ta a nan. Babu inuwa, babu wurin zama, komawa ƙasa da ƙarasawa sama duk ɗaya suke a wahala, ga mutane suna wucewa suna ɗaukar hoto. Na kira lambar jagoran ya ƙi ɗauka. Wata dattijuwa Baturkiya ce, wadda ba ma jin yaren juna, ta ba ta ruwa, ita da ɗanta suka kama ta muka ƙarasa a hankali. Allah ya saka musu da alheri. Da muka iso sama, ga jagoran tsaye yana duban agogo, ko sannu bai ce ba, sai faɗa yake wai mun ɓata wa ayari lokaci, abin da ya rage bai kai awa ɗaya ba. Mutumin da aka ba amanar tsohuwa ke nan. Na ce masa ba za mu bi su ba, ya ce kuɗin komawa ba ya dawowa, kuma bai dawo ba, wanda ya haɗa mu da shi a Istanbul ma daga baya ya daina amsa saƙona. Ban yafe wannan rashin imanin ba.

Kwanan da muka yi a can ne ya sa na san wurin, domin bayan ta huta mun koma da sassafe ta ƙofar kudu. Ki yi haka tun farko. Ki kama masauki a ƙauyen ko a Karahayit, ki ɗauki tasi ya kai ku ƙofar kudu da zarar an buɗe, ki bar Mama ta tsoma ƙafa a tafkunan farko na sama, kada ta gangara. A ciki akwai ƙananan motocin lantarki da ake haya, kuɗinsu ba asara ba ne ga mai ciwon gwiwa. Ki guji Yuli da Agusta idan da hali, domin zafi yakan kusan kai digiri 40, Afrilu da Mayu ko Oktoba sun fi sauƙi. Tabarau mai duhu wajibi ne.

Game da ruwan, ɗumi ne da shi, wajen digiri 35, ya ɗan fi na Wikki da ke Yankari zafi. Yana fitowa ne ɗauke da sinadarin farar ƙasa, wanda ke daskarewa yayin da yake gangarowa, shi ya gina farin dutsen nan mai tsayin kusan mita 200. Kada ki sa rai da ganin kowane tafki cike kamar a hotunan talla. Bayan UNESCO ta sa wurin cikin wuraren tarihi na duniya a 1988, an rushe otal-otal da aka gina a saman dutsen, waɗanda ke janye ruwan, kuma yanzu hukuma juya ruwan take yi daga sashe zuwa sashe, don haka da yawa a bushe za ki same su. Akwai tafkin wanka da ake jingina wa Kiliyobatira, sarauniyar tsohuwar Masar, inda ginshiƙan marmara da girgizar ƙasa ta kayar a ƙarni na 7 suke kwance a cikin ruwan. Kuɗinsa daban ne, maza da mata a haɗe suke da kayan ninƙaya, Inna dai kallo ɗaya ta yi ta juya baya, kuma ginshiƙan kansu abin tuntuɓe ne ga tsoho. Karahayit, kimanin kilomita 5 daga wurin, ya fi dacewa da irin buƙatarki. Ruwansa ja ne saboda sinadarin ƙarfe, ya fi zafi sosai, kuma wasu otal-otal na can suna da ɓangaren mata ko bahon ruwan a cikin ɗaki, sai dai ki tabbatar kafin ki biya. Inna ta ji sauƙi, ta yi barci mai daɗi, amma ciwon bai warke ba, kuma duk wanda ya ce miki yana warkarwa ciniki yake nema. Idan Mama tana da hawan jini ko ciwon zuciya, ki tambayi likitanta kafin ta shiga, kuma kada ta daɗe a ciki.

Kufan birnin Hierapolis yana saman dutsen, tikitin shiga wurin ya haɗa da shi. Sarakunan tsohuwar daular Pergamon ne suka kafa shi a ƙarni na 2 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya koma hannun Rumawa, girgizar ƙasa ta rushe shi a shekara ta 60 miladiyya aka sake ginawa. Dandalin wasansa, mai ɗaukar mutum sama da dubu goma, yana kan tudu, kuma matakalarsa ba ta Mama ba ce, ta tsaya daga sama ta kalla. Maƙabartar da ke wajen ƙofar arewa tana da kaburburan dutse fiye da 1,200, kuma a nan Inna ta fi daɗewa, da ta ji cewa tun wancan zamanin marasa lafiya ke zuwa neman waraka a ruwan, wasu ajalinsu ya riske su a garin. Akwai kuma ramin da mutanen wancan zamanin suka ɗauka ƙofar lahira ce, saboda iskar da ke fita daga cikinsa tana kashe tsuntsaye, an killace shi, daga nesa ake gani. Gidan adana kayan tarihi yana cikin tsohon gidan wankan Rumawa, akwai inuwa da wurin hutawa.

Ki riƙe magungunanta a jakar hannu, da zani na canji, da kuɗin Turkiyya a hannu saboda tasi. Tunda kuma sari ya kawo ki, Denizli gari ne na masaƙu, an san shi da tawul da zannuwan gado, don haka kwanan da za ki yi a can ba zai tafi a banza ba, ki zaga ki gwada farashi da na kasuwar Laleli da ke Istanbul kafin ki saya. Allah ya ba Mama lafiya, ya kai ku ya dawo da ku lafiya.