Na sayi mota na yi da-na-sani: shin Shari'a ta ba ni damar mayar da ita?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Na sayi mota 'yar Beljiyam ta hannun dillali a kan naira miliyan 9. Kafin in biya na tambayi mai motar a gaban dillalin da wani abokina, ya ce ba ta taɓa hatsari ba, ruwa kuma bai taɓa shigarta ba. Ba a rufa wata guda ba ta fara ba ni wahala: yau gilashi ya ƙi sauka, gobe fitilu su kama da kansu, rannan ta mutu mini a tsakiyar titi. Na canza mata ƙwaƙwalwa, wato kwamfutar da ke sarrafa motar, abin bai daina ba. Daga baya mai gyaran wayoyin mota ya ɗaga kafet, sai ga busasshiyar laka da tsatsa. A ranar na koma wurin mai motar, ya nuna mini rasit inda aka rubuta cewa an saya yadda aka gani, ba a mayarwa. Gaskiya ko da lafiyarta ƙalau na riga na yi da-na-sani, don tana shan mai, kayan gyaranta kuma da tsada. Har yanzu da ita nake zuwa aiki. Abokai suna cewa in wanke ta in kai kasuwa in sayar yadda aka sayar mini. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah. Allah ya mayar maka da alheri, ɗan'uwa. Kuɗin da mutum ya daɗe yana tarawa ya tafi a irin wannan ciniki abu ne mai ciwo.

Tambayarka ta haɗa abubuwa biyu da hukuncinsu ya bambanta, dole a raba su.

Shan mai da tsadar kayan gyara ba su ba ka haƙƙin warware ciniki. Waɗannan halin samfurin motar ne, duk 'yan'uwanta haka suke, kuma da ka tambayi kowane bakanike kafin ka biya zai gaya maka. Kowace mota da abin da aka san ta da shi. Masu Camry ta 2007 zuwa 2009 mai silinda huɗu sun san da yawa daga cikinsu suna shan baƙin mai, har kamfanin da kansa ya tsara gyara a kan haka a Amurka. Wanda ya sayi samfurin da labarinsa ya karaɗe gareji bai bincika ba, sakacinsa ne. Tunda an yi tayi, an sallama, an biya, an rabu, ciniki ya ɗauru, kuma Allah ya ce a farkon Suratul Ma'ida a cika alkawura. Ƙofar da ta rage wa mai irin wannan nadama ita ce iƙala, wato ya roƙi mai kaya ya karɓi abinsa ya dawo masa da kuɗinsa. Ba tilas ba ne a kan mai kaya, amma Abu Dawud da Ibnu Majah sun ruwaito daga Abu Huraira cewa wanda ya yi wa Musulmi iƙala, Allah zai yafe masa tuntuɓensa. Idan kuma suka daidaita a kan ya karɓe ta a ƙasa da farashin farko, wannan sabon ciniki ne, ya halatta matuƙar hannu da hannu ne.

Maganar ruwa kuwa daban ce. Nan ne haƙƙinka yake, kuma mai ƙarfi ne.

Muslim ya ruwaito cewa Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya wuce wani tsibin abinci a kasuwa, ya cusa hannunsa ciki, yatsunsa suka taɓo danshi. Ya tambayi mai abincin, ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Sai Annabi ya ce me ya hana ka sa shi a sama mutane su gani? Wanda ya yi algus ba ya tare da ni. Dubi yadda wannan ya dace da lamarinka: kaya ne ruwa ya ɓata, aka gyara samansa, aka bar ɓarnar a ƙasa. Motar da ta nutse, mai fenti da mai wanki za su iya mayar da ita kamar sabuwa cikin 'yan kwanaki. Amma ruwan ya riga ya shiga mahaɗan wayoyi da ƙwaƙwalwa da na'urar da ke tayar da jakar iska lokacin hatsari, tsatsa kuma tana ci a hankali. Shi ya sa ciwon ba ya fitowa ranar gwaji, sai bayan makonni, kuma idan an toshe nan sai can ya ɓalle. Bayan guguwar Harvey da ta mamaye birnin Houston a 2017, dubban ɗaruruwan motoci suka nutse. Irin waɗannan kamfanonin inshora suke biyan masu su, su yi gwanjonsu da araha da takardar da ke nuna sun lalace, daga nan wasu su hau jirgin ruwa zuwa Legas da Kwatano. Shigo da su ba haramun ba ne. Sayar da su ma ba haramun ba ne, idan an faɗi gaskiya aka sa musu farashinsu. Haramun shi ne ɓoyewa, kamar yadda ya zo a hadisin Uƙba ɗan Amir a wurin Ibnu Majah, cewa bai halatta ga Musulmi ya sayar wa ɗan'uwansa abu mai aibi ba face ya bayyana masa.

Malamai sun ce aibin da ake mayar da kaya saboda shi sai ya kasance yana rage daraja a idon masana, ya riga ciniki, kuma mai saye bai san da shi ba. Duka sun tabbata a motarka. Ka ma fi haka ƙarfi, domin ka tambaya da bakinka an ce ruwa bai shige ta ba. Wannan siffa ce da aka shardanta, kuma rashin siffar da aka shardanta yana ba da damar mayarwa ko da mai motar ya rantse shi ma bai sani ba. Saninsa ko rashinsa yana shafar zunubi da wasu rassan hukunci, amma bai hana ka mayarwa.

Rubutun da ke kan rasit ba ya kare shi. A mazhabar Malikiyya sharaɗin kuɓuta daga aibi, wato mai kaya ya ce ba ruwansa da duk aibin da ya ɓulla bayan ciniki, ba ya aiki a irin wannan kaya. Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa Abdullahi ɗan Umar ya sayar da bawa a kan dirhami 800 da sharaɗin kuɓuta, mai saye ya tarar da ciwo ya kai ƙara, Usman ɗan Affan ya nemi Ibnu Umar ya rantse bai san ciwon ba, shi kuwa ya ƙi rantsuwa ya karɓi bawansa. Hanafiyya sun faɗaɗa a wannan sharaɗi, amma babu malamin da ya ce rubutu a takarda yana halatta ƙarya. "Yadda aka gani" yana nufin abin da ido zai gani: ƙujewar fenti, tsufan taya, yagaggiyar kujera. Ba ka ga ƙarƙashin kafet ba, kuma an gaya maka abin da ya hana ka dubawa.

To me ke hannunka? Abin da Risala ta Ibnu Abi Zaid ta tsayar shi ne mai saye yana da zaɓi: ya mayar ya karɓi kuɗinsa, ko ya riƙe ba tare da an rage masa komai ba. Idan kuma wani sabon aibi mai ɓarna ya same ta a hannunsa, sai ya zaɓa tsakanin riƙewa da karɓar kimar tsohon aibi, ko mayarwa da biyan abin da ya ɓata. Hanbaliyya sun ba shi damar riƙewa da karɓar ragi tun farko, kuma a wurinmu ma idan an yi sulhu a kan haka ya halatta. Ragin ba da ka ake yin sa ba. Masana kasuwa biyu amintattu za su kimanta. A misali, idan suka ce irinta mai lafiya a ranar ciniki miliyan 10 ce, mai ruwa kuma miliyan 6, aibin ya ci kashi 40 cikin 100, sai a cire wannan kaso daga abin da ka biya, wato a dawo maka da miliyan 3 da dubu 600. Idan ta tabbata mai motar ya san ruwan ya ɓoye, duk lalacewar da ruwan ya jawo a hannunka a kansa take, ba za a ce kai ka ɓata ba. Hawan da ka yi kafin ka gano ba za ka biya haya ba, saboda hadisin A'isha cewa amfani yana tare da lamuni, wato wanda asarar kaya take kansa shi ke cin moriyarsu, amma kuɗin mai da ƙananan hidimomi naka ne. Kuɗin ƙwaƙwalwar da ka canza ka sa shi cikin abin da kake nema, masu sulhu ko alƙali su duba.

Abin da nake ji maka tsoro shi ne hawan da kake yi yanzu. Malamanmu sun ɗauki ci gaba da hawan dabba bayan ganin aibi a matsayin alamar yarda, sun yi uzuri ne ga matafiyin da ba shi da makawa. Shiru na kwanaki ba tare da uzuri ba ma yana raunana haƙƙi. Komawar da ka yi a ranar ta taimake ka ƙwarai, amma kada ka ba mai motar hujja da hannunka. Ka ajiye motar daga yau, ko da za ka sha wahalar hawan Keke Napep na ɗan lokaci. Ka ɗauki hoton lakar da tsatsar, ka sa mai gyaran ya rubuta abin da ya gani, ka nemi wanda zai binciko maka tarihinta da lambar shasi mai haruffa da lambobi 17, domin motocin Amurka galibi ana samun labarin gwanjonsu a shafukan intanet na tarihin motoci irin su Carfax. Ka tafi da abokinka da ya ji maganar wurin shugabannin 'yan kasuwar motocin a nemi sulhu. In mai motar ya ƙi, kotu tana nan, kuma neman haƙƙi ba rashin haƙuri ba ne.

Dillalin kuwa, idan ya san halin motar ya yi shiru, abokin tarayya ne a zunubin, kuma la'adar da aka ci ta hanyar yaudara ba ta da tsarki, ya mayar. Idan bai sani ba babu laifi a kansa, amma wajibi ne ya ba da shaidar abin da ya ji, domin Allah ya ce a ƙarshen Suratul Baƙara wanda ya ɓoye shaida zuciyarsa mai zunubi ce.

Shawarar abokanka haramun ce, kada ka saurare ta. Zaluncin da aka yi maka ba ya halatta maka dukiyar wani bawan Allah da bai san hawa ba bai san sauka ba. Lamarin ma ya wuce kuɗi: motar da ke mutuwa tana cikin tafiya, wadda ba a da tabbacin jakar iskarta za ta tashi, tana iya zama ajalin iyali guda a hanyar Kano zuwa Kaduna. Idan haƙƙinka bai fito ba kuma ka ga sayarwa ce mafita, ka faɗi aibin da sunansa, ka ce ruwa ya shige ta, ka ɗaga kafet ka nuna, ka faɗi abin da ka canza. Cewa "tana da 'yar matsalar waya" bai wadatar ba, domin malamai sun ce dunƙule babban aibi cikin ƙaramar magana shi ma ɓoyewa ne. Akwai masu sayen irinta don gyara ko don su farke ta su sayar da kayan, za su saya a farashinta.

Wallahu a'alam.